Bindigar Kaboyi Da Har Yau Ake Ɗura Wa Albarushi

Ƙaramar bindigar nan mai ɗakuna shida da kuke gani a finafinan kaboyi ba ta ƙare ba. Samuel Colt ya yi wa fasaharta rajista a Amurka a 1836, kuma samfurinsa na 1851 ya sha aiki a yaƙin basasar ƙasar, daga 1861 zuwa 1865. Yau kamfanonin Uberti da Pietta na Italiya ne ke ƙera kwafinta, masu sha'awar tarihi suna saye don gasar harbi.

Kwafi ce, amma tana kisa kamar ta asali.

Ɗura ta sai mai haƙuri. A auna albarushi a zuba a kowane ɗaki, a ɗora dunƙulen darma a danna, sannan a maƙala 'yar hular da ke tayar da wuta ta baya. Albarushin dangin wanda 'yan bindiga ke bugawa ne a hawan Sallah, shi ya sa hayaƙi ke turnuƙewa. Wanda ya zuba mata hodar harsashin zamani, tana iya tarwatsewa a hannunsa. Wani lokaci ma wuta kan tsallaka ɗakin maƙwabta, biyu su tashi tare.

Masu ratayawa a ƙugu sukan ɗura biyar kawai, su kwantar da gudumar a kan ɗakin da ba komai, don kada ta tashi in ta faɗi.

Dokar tarayyar Amurka na ɗaukarta kayan tarihi, kodayake jihohi sun bambanta. A Najeriya kuwa, riƙe irinta ba lasisi laifi ne.