Bashin Tukunyar Makaranta da 'Yan Kasuwar Zangunan Gana

A watan Yulin 2023 wasu 'yan kasuwa, maza da mata, suka shimfiɗa tabarmi a harabar NAFCO da ke Akara, kamfanin gwamnati mai tara hatsi, suka yi kwana da kwanaki a wurin. Su ne masu kai shinkafa da masara da wake makarantun sakandare na kwana a ƙarƙashin shirin karatu kyauta da Shugaba Akufo-Addo ya buɗe a Satumbar 2017. Sidi miliyan 270 suka ce suna bin gwamnati, kuɗin kayan da ɗalibai suka cinye tun tuni. Jaridun Akara sun buga hotunansu. Ni kuwa hankalina ya tafi ga waɗanda hoton bai ɗauko ba, wato mutanen da waɗannan 'yan kwangila suka karɓi buhunan a hannunsu bashi. Wanda ya san kasuwar hatsi ta Techiman, ko rumfunan Aboabo a Kumasi da na Nima a Akara, ya san cewa da Hausa ake yin kaso mai yawa na wannan ciniki.

Polly Hill, a binciken da ta wallafa a 1966 kan masu masauki da dillalai a Kumasi, ta bayyana tsarin da kakanninmu suka zo da shi ta hanyar Gwanja. Baƙo ya iso da shanu ko kaya, ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, in an sayar bashi kuma ya tsaya a tsakani har kuɗi su fito. Jarin maigida shi ne sunansa, domin ranar da aka ce dukiyar baƙo ta salwanta a hannunsa, fatake sun daina sauka gidansa ke nan. Enid Schildkrout ta tarar da wannan zama na masauki da amana a zangon Kumasi, Deborah Pellow kuma ta bi sawunsa a Sabon Zongo na Akara, unguwar Malam Bako. Kada ma a ɗauka fatauci irin namu bai san takarda ba. Alhaji Umaru na Salga, wanda ya rasu a Kete Karaci a 1934, tun 1877 ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa da Larabci.

Sai dai takardar da makarantar gwamnati ke nema daban ce. Dokar Sayen Kayan Gwamnati mai lamba 663 ta 2003, wadda aka yi wa gyara da doka mai lamba 914 a 2016, ita ce ƙofar da ake bi, ko benci za ka kai wa majalisar gunduma, ko alli da littafin rubutu, ko gyaran rufin aji. Ana son rajistar kasuwanci, da shaidar biyan haraji daga hukumar GRA, da shaidar cewa kana zuba wa ma'aikatanka kuɗin fansho a SSNIT, da rajista a hukumar kula da sayen kayan gwamnati. Ko ƙaramin aiki ne, dokar ta ce a nemi farashi daga masu kaya aƙalla uku. Tun 2019 kuma aka ɗora tallar kwangiloli a intanet, a manhajar GHANEPS. Ban ga laifin doka a nan ba, dukiyar jama'a ce, dole a tsare ta. Amma dattijon da zai iya cika tirela da masara da kiran waya ɗaya, in ba shi da waɗannan takardu, bai isa ya sayar wa makarantar unguwarsu buhu guda da sunansa ba. Sai ya sayar wa mai takarda, mai takarda ya sayar wa gwamnati.

Dalilin da ya sa dattawanmu da yawa suka yi nesa da ofis ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ga Nuwambar 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, ya ga yadda aka yi gwanjon gidaje da rumfuna, bai tashi da sha'awar rubuta dukiyarsa a littafin hukuma ba. Har yau jikokin waɗanda aka haifa a Kumasi suna kukan tambayoyin da ake yi musu wajen karɓar katin ɗan ƙasa saboda sunan da suke amsawa, alhali lambar wannan kati ita ce lambar haraji tun 2021.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne tukunyar firamare. Shirin ciyar da ɗalibai ya fara a ƙarshen 2005 zamanin Shugaba Kufuor, da makarantu goma kacal, ɗaya a kowane yanki, tare da tallafin ƙasar Holan. Bayanan kasafin kuɗi na shekarun baya-bayan nan sun nuna yaran da ke cin wannan abinci sun haura miliyan uku da rabi. Duba abin da ake zuba musu a kwano: a ciki akwai waakye, abincin da sunansa ma daga kalmar wake ta Hausa ya fito, wanda matan zango suka koya wa Akara cinsa da safe. Sana'ar gidanmu ce, uwa ta koya wa 'ya, tare da koko da ƙosai da tuwon zafi. In da gwaninta kaɗai ake dubawa, da babu mai ja da su.

Amma sharaɗin kwangilar shi ne mai girki ta ciyar da kuɗinta tukuna, gwamnati ta biya daga baya. A 2022 kuɗin kowane yaro a rana sidi ɗaya ne, in an cire harajin kashi uku cikin ɗari saura pesewa 97. Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta ce a Disambar wannan shekara hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Masu girki sun sauke tukwane a Mayun 2022 suna neman sidi uku, suka sake yajin aiki a 2023, aka ƙara musu zuwa sidi 1.20. Daga baya ya koma 1.50, sannan a kasafin da Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ya karanta a Maris ɗin 2025 ya zama sidi biyu. Ƙarin ya taimaka, amma bai magance jinkiri ba, kuma jinkirin ne ke karya mutane. Zangon karatu kan wuce, wani ya shigo, kuɗin na farko bai fito ba.

To, a tsawon waɗannan watanni wa ke ciyar da yaran? Mai girki ba ta da rumbu. Wurin Alhaji mai hatsi za ta je ta ce, "Baba, a ba ni buhu biyar, in an biya mu zan kawo." Ya ba ta, don ya san mijinta, ya san limamin da ya ɗaura musu aure. Shi ma bashi ya karɓo daga wanda ya yi lodi a arewa. Mai albasa ya ba ta rabin buhu, albasar da ta taso daga Galmi a Nijar, wadda farashinta ya yi tashin gwauron zabi a Gana bayan an rufe iyakoki sakamakon juyin mulkin Yulin 2023. Abin da ya rage ta cike da kwasar adashi, don da yawa daga cikin matanmu ba sa son kusantar bashin banki mai ruwa. Haka tsohon tsarin da Polly Hill ta gani a kasuwar shanu ya koma yana ranta wa gwamnati, ba ruwa, ba jingina, ba kuma sunansa a takardar kwangila. In Babban Mai Binciken Kuɗi ya zo duba littattafan shirin, abin da ke tsakanin gwamnati da mai girki zai gani. Littafin Alhaji mai bangon kwali ba ya cikin fayil.

Asusun Raya Zanguna, wanda doka mai lamba 964 ta kafa a 2017, ya yi ajujuwa da filayen ƙwallo da fitilun titi. A ganina da ya zaunar da akawu biyu a Nima da Asawase suna yi wa 'yan kasuwa rajista da cike takardun neman kwangila, da an daɗe ana cin moriyarsa. Da yawa daga makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Islamiyya, wanda aka kafa a 1987, a tsakiyar zanguna suke. Kafinta yana bayan katanga, tela yana bakin ƙofa. 'Ya'yanmu da suka yi boko su ne ya kamata su riƙe wa iyayensu alƙalami, kamar yadda almajiran Alhaji Umaru suka riƙe wa fatake.

Ko da takarda ta cika, akwai siyasa. Kwangilar girki ta daɗe tana bin jam'iyyar da ke mulki, kuma bayan sauyin gwamnati, a farkon Mayun 2025, ofishin shirin ya soke kwangilar masu girki a duk faɗin ƙasar, ana gab da komawa makaranta, da alkawarin za a biya bashin zangon da ya wuce nan gaba. Wasu matan sun riga sun karɓo shinkafa da mai na sabon zango, an kuma rubuta sunayensu a littafin Alhaji.