Barin giya da sauyin nauyin jiki: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mutum biyu kan ajiye kwalba a mako guda, bayan wata uku ka tarar ɗaya ya zabge har wando na zamewa daga ƙugunsa, ɗayan kuwa kumatu sun fito, riga ta matse shi. Kowannensu hankalinsa a tashe, domin abin da ya zata daban, abin da ya gani daban. A wajenmu lamarin ya fi nauyi, saboda mai shan giya a ɓoye yake sha, a ɓoye kuma yake bari. Addini ya haramta, jama'a na ƙyama, don haka ba shi da wanda zai tambaya ko abin da ke faruwa da jikinsa lafiya ne. Idan ya rame, a fara yi masa kallon mai mugun ciwo. Idan ya ajiye teɓa, shi da kansa ya fara raya cewa gara jiya da yau. Wannan tunani na biyu ne abin tsoro, don yana iya mayar da mutum gidan jiya.

Kwanakin farko ba na hawa sikeli ba ne

Wanda ya daɗe yana sha kullum, kuma da yawa, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki da barasa a cikin jini. Barasa tana danne jijiyoyi, jiki kuma yana ƙara musu ƙaimi don ya daidaita. Ranar da aka janye ta kwatsam, ƙaimin yana nan, mai danne shi ya tafi. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe sai karkarwar hannu, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya a cikin kwana biyun farko. Mafi muni ita ce ruɗewar da kan zo daga kwana na biyu zuwa na huɗu: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, sambatu, da ganin abubuwan da babu su. Tana iya kisa.

A gidajenmu, da zarar mutum ya fara sambatu yana nuna abin da ba kowa ke gani ba, sai a ce iska ce. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da mutumin ke sha da ranar da ya daina. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Kowane babban asibiti ma yana iya kula da wannan. Likita zai ba da magani irin su dayazifam na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawarsa, da bitamin B1, wanda ƙarancinsa a jikin mashaya kan lalata ƙwaƙwalwa. Wanda zafin tuba ke ingiza shi ya shiga jera azumin nafila tun a makon farko, ina roƙonsa ya dakata sai jiki ya tsaya da ƙafarsa.

Me ya sa wani ke ramewa, wani ke ƙiba?

Amsar tana ga irin shan da mutum ya yi.

Giram ɗaya na barasa yana da kalori 7. Na sukari 4 ne, na mai 9. Babbar kwalbar giya mai santilita 60 tana ɗauke da kalori kusan 250, ke nan mai shan huɗu a dare ya zuba wa cikinsa 1,000, kusan rabin abin da babban mutum ke buƙata a yini, ba a ma lissafa farfesu da tsiren da ke raka ta ba. Burkutu kuwa, da yake da dawa ake yin ta, kaurinta ma abinci ne. Sannan jiki ba shi da rumbun ajiye barasa, don haka hanta takan ajiye ƙona kitse ta fara da ita tukuna. Kitsen da aka jinkirta shi ne ke taruwa a tumbi da cikin hantar kanta.

Irin wannan mashayi, mai ci ya ƙoshi sannan ya ɗora giya, shi ne ke raguwa idan ya bari. Likitocin asibitin Royal Free da ke Landan sun wallafa wani bincike a 2018 a kan mutum 94 da suka yi wata guda ba su sha ba. Nauyinsu ya ragu da kimanin kashi 1.5 cikin ɗari, hawan jininsu ya sauka, jikinsu ya ƙara jin insulin. Ga mai kilo 80, raguwar ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ke jiran teɓa ta ɓace a wata guda ya rage buri. Gyaran da ya fi girma a ciki yake gudana, don kitsen hanta kan fara narkewa cikin 'yan makonni.

Ɗaya mashayin shi ne wanda giya ta zame masa abinci. Ya karya da ita, ya kwana da ita, kuɗin cefane ya tafi ga giya 'yar leda. Barasa ta ƙuje masa ciki da hanji, ɗan abin da ya ci ma ba ya shiga jiki yadda ya kamata, tsoka ta zube. Tun a farkon shekarun 1970 Dakta Charles Lieber na birnin New York ya nuna cewa hantar mai sha da yawa tana buɗe wata hanya ta biyu ta ƙona barasa, wadda ke ɓarnatar da wani kaso na kalorin ya tafi a zafi kawai. Shi ya sa za ka ga rikakken mashayi kamar a hure shi ya faɗi. Idan irin wannan ya bari, cikinsa ya buɗe, ya ƙara kilo biyar ko fiye, murmurewa ce. Iyalinsa su gode wa Allah, su ƙara masa tuwo.

Kwaɗayin zaƙi

Nan ne mafi yawan masu bari ke shan mamaki. Mutumin da a da ko alewa ba ya kallo, sai ga shi da tsakar dare yana neman lemon kwalba. Ba raunin zuciya ba ne. Barasa da sukari hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa, duka suna sa ta saki sinadarin dofamin mai sa jin daɗi. Da aka toshe ƙofa ɗaya, sai ta ƙwanƙwasa ta kusa. Ga shi kuma yawan sha kan ƙarar da sukarin da hanta ke ajiyewa, ya dagula yadda take daidaita shi a jini. Abin ya daɗe da sanuwa: littafin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta Amurka, wanda ya fito a 1939, ya kawo shawarar wani likita cewa mai barin giya ya riƙa ajiye cakulan kusa da shi.

Ra'ayina shi ne, a makonnin farko kada a yaƙi mutum a kan zaƙi. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya sha lemo ya kwana a gidansa cikin hayyacinsa ya ci riba a wannan dare. Sai dai a san iyakar abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato kimanin giram 50, cokalin shayi 12. Kwalbar lemo ta rabin lita mai cikakken sukari ita kaɗai kan cinye wannan kason. Lemon malt da ake ɗauka na ƙarin jini ne, shi ma sukari ne a cike.

A lura kuma da teburin mai shayi. Mai barin giya ba kwalba kaɗai ya rasa ba, ya rasa wurin zama da abokan hira daga magariba zuwa tsakar dare. Majalisar mai shayi tana cike wannan gurbi, kuma alheri ce, domin kaɗaici a wannan lokacin mugun abokin zama ne. Amma babban kofi da madarar gwangwani da sukari, ga burodi, ga indomi da ƙwai, kowane dare, shi ne asalin sabuwar teɓar mutane da yawa. Ka je majalisar, ka ce a rage maka sukari, ka kuma ci tuwonka kafin ka fita. Yunwa tana tayar da sha'awar giya, saboda haka cin abinci sau uku a kan lokaci yana cikin magani: ƙosai, alala, wake, gyaɗa, ƙwai, kwaɗon zogale, nono. Idan zaƙi ya taso, dabino biyu ko ayaba ko gwanda sun fi kwalba. Ga yawancin mutane kwaɗayin yana lafawa da kansa cikin makonni ko 'yan watanni.

Barci, taba da magunguna

Barci kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya daidaita, kuma wanda bai samu barci ba yunwarsa ta fi ta mai barci. Wanda ya haɗa da barin taba sigari ya sa ran ƙarin kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, wannan shi ne matsakaicin da aka gani. Wasu magungunan damuwa da na ƙwaƙwalwa, irin su amitiriftilin da olanzafin, suna buɗe ciki sosai. Kada ka yanke su da kanka; ka koma ga likitan da ya rubuta, sau da yawa akwai madadi.

Ƙibar da ba ƙiba ba ce, da ramar da ba ta tsayawa

Idan ciki ya kumbura ya yi tauri cikin 'yan kwanaki ko makonni, ƙafafu suka kumbura har yatsa na lotsawa, alhali hannuwa da fuska na ƙara tsukewa, wannan ruwa ne, ba kitse ba. Alama ce ta hanta da ta ji rauni ƙwarai, musamman idan ido ya yi ruwan ɗorawa irin na shawara. Aman jini ko baƙin bayan gida kuwa ba a kwana da su a gida. A yankinmu ciwon hanta nau'in B ya yawaita, kuma idan ya haɗu da barasa lalacewar ta fi sauri, don haka duk mai barin giya ya nemi a gwada masa shi tare da gwajin aikin hanta.

Haka ramar da ta ci gaba bayan wata biyu ko uku, mutum na ci amma ba ya kama jiki. Idan da ƙishirwa da yawan fitsari, a duba ciwon sukari, don barasa tana lalata gaɓar da ke samar da insulin. Idan da tari da zufan dare, a duba tarin fuka, wanda ya fi kama mashaya. A yi gwajin ƙanjamau ma, a huta da zargi.

Yaushe za a waiwayi teɓa?

Sai barci ya fara dawowa, sha'awar giya ta yi sauƙi, yini ya samu tsari. Kafin nan, hawa sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin karin kumallo, domin ruwan jiki kaɗai kan sauya nauyi da kilo guda daga yau zuwa gobe. Tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan la'asar ana iya fara ta da wuri, tana taimakon barci da nutsuwa tun kafin ta taɓa kitse. Idan lokacin ragewa ya yi, a fara da lemo da sukarin shayi, a bi a hankali, rabin kilo a mako ya wadatar.

Mai ƙiba ya guji shayin rage teɓa da haɗe-haɗen da ake tallatawa a Facebook da tashoshin mota, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba. Hantar da ke farfaɗowa ba ta buƙatar sabon aiki. Mai rama kuma ya guji ƙwayoyin sha-ka-fashe. Da yawansu suna ɗauke da dekzametason, wanda ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, tsokar da ake nema kuwa ƙara zubar da ita yake yi.