Yadda Ake Auna Sinadarin Aidin a Ruwan Teku

Duk ɗalibin da ya taɓa ganin mai maƙoƙo ya ga abin da rashin aidin ke haifarwa, shi ya sa tun shekarar 1993 aka wajabta sanya shi a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Babbar ma'ajiyar wannan sinadari kuwa ita ce teku. A cikin tokar ciyawar teku ma Bernard Courtois, mutumin Faransa, ya gano shi a 1811. Amma fa ɗan kaɗan ne: sai an tara ruwan teku kimanin lita 17,000 kafin a sami giram 1.

To, ta yaya ake auna abu ƙanƙane haka a ruwan da gishiri ya cika?

Asalin dabarar daga Jaroslav Heyrovsky ne, masanin birnin Prague, wanda ya ƙirƙiro awo da ɗigon zaiba a 1922, ya kuma sami kyautar Nobel a 1959. Aidin na teku iri biyu ne, ayodet da ayodayid. A 1988 George Luther da abokan aikinsa a Amurka suka kyautata hanyar auna ayodayid kai tsaye. Da farko akan kori iskar oksijin daga ruwan, domin tana dagula awo. Sannan a rataya ɗigon zaiba a bakin siririn bututu, a ba shi ƙarfin lantarki daidai gwargwado, sai ayodayid ya riƙa taruwa a jikinsa. Bayan ɗan lokaci a sauya ƙarfin, abin da ya taru ya sake narkewa, lantarki ya gudana. Gwargwadon yawan lantarkin, gwargwadon yawan ayodayid. Akan ƙara ayodayid wanda aka san adadinsa a maimaita, don a sami ma'aunin kwatance. Shi kuwa ayodet, ana iya mayar da shi ayodayid tukuna, a auna duka, a debe na farko.

Aiki ne mai cin rai idan da hannu ake yi. A yau na'ura mai sarrafa kanta ke zuba ruwa, ta sabunta ɗigon, ta wanke ƙoƙon awo, kwamfuta na lissafi. Zaiba dai guba ce, dole a tattara ta da kula.

Masana yanayi sun matsu da wannan awo ne saboda ayodayid na saman teku yana cinye iskar ozon da ta taɓa ruwan, aidin kuma ya tashi sama. Ya fi yawa a tekuna masu ɗumi da ke kusa da tsakiyar duniya.