Yadda Ake Gane Tsohon Kwabo Mai Huji

A ƙauyukan Funtua da Malumfashi, garma kan tono tsohon kwabo mai huji a kufai, wani kuma a ƙasan adakar kaka ake tsintarsa. Abin takaici, sau da yawa yara ake bari su yi wasa da shi har ya ɓace.

Masu tara kuɗin sarakunan Rum, irin su Kustantin, abu biyu suke fara dubawa: sunan sarki da alamar maƙerar da ta buga kuɗin. Namu ma haka ne. An fara buga anini da kwabo masu huji da tauraro mai tsini shida a 1907, zamanin Sarki Edward na Bakwai na Ingila, kuma har da rubutun Larabci a jikinsu. Hujin ya hana a sa hoton sarki, don haka sunansa ake karantawa a gewaye. Idan ka ga 1936 da sunan Edward na Takwas, ka adana shi da kyau, domin sarkin bai cika shekara a kan gado ba. Ƙaramin harafin H ko KN yana nuna a Birmingham aka buga shi.

Wanda ya fi kusa da zuciyar manomin wannan yanki shi ne kuɗin taro na 1959, mai kusurwa 12, wanda ke ɗauke da hoton auduga. Naira da sabon kwabo suka maye gurbinsa a 1973.

Don Allah kada a dirje tsofaffin kuɗin nan da toka ko lemun tsami, gogewa tana cinye rubutun. Ruwa da tsumma mai laushi sun isa.