Bindigar farko da kwanson harsashi: Al'adar mafarautan Amurka da ba a cika jin labarinta ba

Duk lokacin da aka ambaci bindiga da Amurka a nan, abin da ke zuwa zuciya shi ne harbe-harben makarantu da manyan kantuna. Da gaskiyar masu wannan tunani. Amma a ƙauyukan jihohi irin su Pennsylvania da Wisconsin da Montana akwai wata bindiga da labarinta ya sha bamban, wadda tsofaffi ke tunawa kamar yadda mutumin nan ke tuna kekensa na farko: bindigar farautar barewa da uba ya fara danƙa wa ɗansa.

Ba da ita yaro ke farawa ba. Yawanci ana fara ba shi 'yar ƙaramar bindiga mai lamba .22, ya riƙa harbin kurege da zomo da gwangwanaye. Harsashinta a gefen gindinsa makunnin yake, kuma da an harba shi kwanson ya tashi aiki. Sai an ga ya natsu, sau da yawa yana ɗan shekara 12 zuwa 14, ake ba shi babbar, wadda harsashinta ke da makunni a tsakiyar gindi. Dokar tarayya ta 1968 ta hana dillalai sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 doguwar bindiga, don haka kusan kullum ta farkon kyauta ce ko gado. Shi ya sa mai ita kan tuna wanda ya ba shi fiye da yadda yake tuna barewar da ya fara kayarwa.

A Pennsylvania, shekaru da dama kafin 2019 makarantun karkara kan rufe ranar Litinin ɗin da a lokacin ake buɗe farautar barewa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, don an san ko an buɗe ajin ba zai cika ba.

Wadda ta fi yawa a hannun irin waɗannan yara ita ce Winchester samfurin 1894, wadda John Browning ya zana. Gajera ce, ba nauyi, kuma ba ta dukan kafaɗa sosai. An ƙera sama da miliyan 7 kafin masana'antar da ke New Haven ta rufe a 2006. Harsashinta, .30-30, ya fito a 1895, yana cikin na farko da aka yi wa mafarautan ƙasar da albarushi marar hayaƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, rarar bindigogin soja masu harsashin .30-06, wanda sojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, suka cika kasuwa da araha. Mutane suka riƙa saye suna rage musu katako suna shiga daji da su. A 1962 Remington 700 ta zo ta karɓi kasuwa.

Abin da ake yi da kwanso

Harsashin irin wannan bindiga abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, makunni, albarushi, da kan harsashin da ke fita. Idan an harba, uku sun tafi. Kwanson ne ya rage, kuma shi ne ya fi tsada a cikinsu. Mafarauci mai tattali ba ya barin sa a ƙasa. Zai tsince shi ya kai gida, ya wanke, ya matse shi ya koma girmansa, ya sa sabon makunni, ya auna albarushi, ya ɗora sabon kai. Kwanso ɗaya kan yi zagaye da dama kafin wuyansa ya tsage.

Akwai wani abin dariya a tarihin makunnin nan. Nau'in da Amurkawa ke amfani da shi, mai sauƙin cirewa, wani hafsan sojan Ingila ne, Edward Boxer, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860. Wanda Ba'amurke Hiram Berdan ya ƙirƙiro kuwa, mai wahalar cirewa, shi ne ya bazu a Turai. Wato kowa ya ɗauki na maƙwabcinsa, kuma Amurkawa ne suka ci ribar musayar, domin da na Berdan suka riƙe da wuya ɗurin gida ya yi nisa haka.

Kayan aikin ma suna da nasu tarihin. Fred Huntington ya kafa kamfanin RCBS a garin Oroville na Kalifoniya a 1943, lokacin da yaƙi ya lashe harsasai har mafarauta suka rasa na saye. A 1958 Richard Lee ya fito da wani ɗan akwati mai arha, Lee Loader, da ake aiki da shi da 'yar guduma a kan teburin ɗakin girki. Dattawa da yawa da shi suka koya, ana buga guduma iyaye mata na faɗa.

Ana cewa tattali ne ke kai mutum ga wannan aiki, kuma da farko haka ne. Amma masu yi su da kansu kan yi raha cewa ba wanda ya taɓa tara ko sisi da shi, don abin da aka rage a kuɗin harsashi yakan tafi a ƙarin harbi da ƙarin kayan aiki. A ganina abin da ya fi riƙe su shi ne zaman da ake yi. Kowace bindiga tana da ɗurin da ya fi dacewa da ita, ko da samfurinsu ɗaya da wata. Nemo shi kan ci makonni: a ɗura biyar, a je fili a harba a takarda, a auna tazarar hudojin, a rubuta a littafi, a dawo. Uba na gefe, ɗa na riƙe da ma'auni. Idan tsohon ya rasu, littafin nan mai rubutun hannunsa yakan fi bindigar kanta daraja a wurin magada.

Ba kuwa aikin wasa ba ne. Da wani ma'auni da ake kira giren ake auna albarushi, kuma giren 15 ne ke kusan giram 1. Kuskuren ɗan abin da bai kai cikin farce ba, ko rikita wani nau'in albarushi da wani, na iya tarwatsa bindiga a fuskar mai ita. Shi ya sa kamfanoni ke buga littattafan awo, ake kuma gargaɗin kada mutum ya harba abin da wani ya ɗura. Doka ta ba Ba'amurke damar ɗura na kansa ba tare da lasisi ba, amma idan zai sayar sai da lasisin tarayya.

Mafaraucin ƙasar Hausa zai gane wannan zama, domin shi ma da hannunsa yake ɗura harba-rugarsa ta baki, haka 'yan bindigar sarki a hawan salla. Bambancin shi ne nasa awon ido ne da sabo. Doka ma ta bambanta: Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kowanne da mai ba da izininsa, kuma ba ta yarda mutum ya harhaɗa harsasai a gidansa ba.

Kuɗin daji da gubar dalma

Abin da ya sa batun ya wuce labarin tsofaffi shi ne kuɗi. Tun 1937, lokacin Shugaba Franklin Roosevelt, wata doka da ake kira Pittman-Robertson ta karkatar da harajin da ake karɓa a kan dogayen bindigogi da harsasai, wanda yanzu kashi 11 cikin 100 ne, zuwa ga jihohi don kula da namun daji. Barewar nan mai farar wutsiya, wadda aka ƙiyasta ta ragu zuwa kusan dubu 500 a farkon ƙarni na 20, yau ana maganar kusan miliyan 30. Saboda haka idan mafarauta suka ragu, hukumomin daji ne ke fara jin jiki. Ƙidayar gwamnati ta nuna sun sauko daga miliyan 13.7 a 2011 zuwa miliyan 11.5 a 2016. Ta 2022 ta ba da miliyan 14.4, sai dai an sauya salon ƙidayar, don haka ba a kwatanta su kai tsaye.

Sai batun dalma. Idan kan harsashin dalma ya shiga jikin dabba yakan farfashe, kuma tsuntsayen da suka ci kayan cikin da mafarauci ya bari a daji su ke kwasar gubar. Ƙatuwar ungulun Kalifoniya ta ragu har zuwa 1987 guda 27 kacal suka rage a duniya, aka kame duk na daji don a kiwata su, kuma gubar dalma na kan gaba a abin da ke kashe waɗanda aka sake. Daga 1 ga Yulin 2019 jihar ta haramta farauta da harsashin dalma baki ɗaya. Wasu mafarauta sun ɗauki abin a matsayin makirci na masu ƙin bindiga, amma hujjar likitocin dabbobi ta fi tasu ƙarfi. Matsalar gaske ita ce kan harsashin jan ƙarfe ya fi tsada, kuma ba kowace tsohuwar bindiga ce ake samun nata a kanti ba. A nan mai ɗurin gida ya fi kowa sauƙi: ya sayi kan jan ƙarfe, ya koma teburinsa, ya sake nemo awo daga farko, don abin da ke littafin mahaifinsa na dalma ne.

A 2020 da 2021 kuwa, lokacin korona, makunnin ne ya ɓace daga kantuna. Masana'antu suka riƙe abin da suka ƙera don harsasansu, farashi ya ninka, mutanen da suka yi shekara 40 suna alfahari da cewa ba ruwansu da kanti suka wayi gari da buhunan kwanso wankakku da gwangwanayen albarushi, babu abin da zai kunna su.