Kiwon Tana Cikin Tukwanen Dashe

Ya kai manomi, in kana renon 'ya'yan mangwaro ko lemu ko gwaba cikin tukwane kafin ka dasa su a lambu, ka riga ka san yadda ƙasar tukunya ta kan daskare bayan 'yan watanni, har ruwa ya kwanta bisanta ba ya shiga. Daga nan ganye ya soma rawaya, wahalar shekara guda ta lalace. Akwai mai aikin da zai buɗe maka ƙasan nan ba lada, watau tana.

Tana ba ta da ido, ba ta da haƙori, ba ta da huhu. Da fatarta take numfashi, saboda haka in fatar ta bushe sai ta mutu. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da tsohon taki, ta kan haɗiye su tare da ƙasa, ta niƙa a cikinta, ta fitar. Ɗan tarin kashin nan nata da ka kan gani da safe ya fi ƙasar da ke kewaye da shi abincin shuka. Ramukanta kuwa hanya ce ta ruwa da iska zuwa ga saiwa. Wani masani na Ingila, Darwin, ya yi kiwonta cikin tukwane a gidansa yana duban halinta, ya rubuta littafi a kanta cikin 1881. Akwai kuma wata babbar tana ta Afirka ta Yamma wadda ake kiwonta har a Indiya da Amurka domin yin taki.

To, ka nemi babbar tukunya ta yumɓu, zurfinta kamar kamu guda, ka huda gindinta domin ruwa ya riƙa fita. Ƙaramar tukunya da gwangwani ba su da amfani ga wannan aiki, gama rana ta kan gasa su. Ka cika ta da ƙasar fadama gauraye da tsohon kashin shanu. Da damina ka tona gindin juji ko ƙarƙashin itace mai inuwa, ka samo tana biyar ko shida, ka ajiye su bisa ƙasar, su za su shige da kansu. Ba sai ka nemi mace da namiji ba, gama kowace ɗaya tana da halittar duka biyu, ko da ya ke sai biyu sun haɗu kafin su yi ƙwai. Kada ka yanka ta biyu da nufin ƙara yawanta; ɓangaren wutsiya mutuwa yake yi.

Wajen ciyarwa ne mutane suka fi kuskure, don sun cika ba ta da yawa. Tafi guda na busasshen ganye ko dussa ko ɓawon ayaba ya isa. Ka zuba a sama, nesa kaɗan da karan shukar, ka rufe da ciyawa, kada ka ƙara sai wancan ya ƙare. Abin da ya yi yawa ya kan yi tsami, ya yi zafi, ya kira ƙuda. Gishiri, da kanwa, da mai, da ruwan sabulu, da ɗanyen kashin kaji, duk cuta ne gare ta. Haka kuma maganin ƙwari.

Ka damƙi ƙasar ka gani: in ta dunƙule ba ta ɗiga ruwa, daidai ne. In ka ga tana ta fito tana yawo da rana tsaka, lalle ruwa ya yi yawa ko abincin ya ɓaci, sai ka duba hujin gindi ko ya toshe. Ka ajiye tukwanen a inuwa inda kaji ba su kai, ka ɗora su bisa duwatsu, ka lura da kwarkwasa.

Dagatai da masu unguwa, in akwai wurin renon itatuwa a garinku, ku hana a ƙone ganyen da aka share. A tara shi a rami mai inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa da rani, daga nan kowa zai ɗebi tana da abincinta in lokacin cika tukwane ya zo.