Lissafin Mai Kaji da Lissafin Akurki



A kudu maso gabashin birnin Riyad, a ƙasar Saudiyya, akwai wata unguwa wai ita Sulay, mai yawan ɗakunan ajiyar kaya da wuraren ƙere-ƙere. A cikinta kuma akwai waɗansu filaye masu katanga, Larabawa suna kiransu istiraha, inda mutum kan je ya huta da iyalinsa a ƙarshen mako. A irin waɗannan wurare ba a rasa mai 'yan kajinsa a lungu. To, cutar da ke damun mai kaji a can, ita ce ke damun ɗan'uwansa na Kano da na Maraɗi. Watau ya fara da kaji biyar, kafin shekara ta kewayo sun zama garke, kuma ko wace ɗaya da hanzarin da ya shigo da ita.

Ga kaɗan daga cikin hanzarin. Ta farko an saye ta don ƙwai. Ta biyu an saye ta don ta farko ta yi kaɗaici. Ta uku, wai mai sayarwa ne ba shi da canji. Ta huɗu ta yara ce, ko da ya ke yaran ba su san launinta ba. Zakara kuwa don ya ta da mai gida sallar asuba, alhali ga ladan a bayan gida, ga zakaru uku da ke wannan aiki tun bara. Waccan ƙatuwar ta Salla ce. Salla ta zo ta wuce, aka sayo naman kanti, ita tana nan tana kiwo. Masu iya magana sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma a gidan irin wannan mutum ya hana.

In uwargida ta ce a ƙirga, sai ya ce goma sha biyu ne. Ta ce ita ta ga arba'in. Sai ya ce ai 'yan tsaki ba su isa shiga lissafi ba, tsofaffi sun daina ƙwai, zakaru ba su taɓa yi ba, zabin nan kuwa ba kaji ba ne, kaza ce dai ta ƙyanƙyashe su.

Abin mamaki shi ne kowane hanzari da 'yar gaskiyarsa, sai dai gaskiyar ba ta kai inda mai ita ya ke so ta kai ba.

A ɗauki zancen kaɗaici. Lalle kaza 'yar jama'a ce. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda ya fara lura da kaji tun yana yaro, ya bayyana a 1922 cewa ko wane garke da tsarin girmansa: akwai wadda ke saran kowa, akwai wadda kowa ke sara, sauran kuma ko wace ta san matsayinta. Amma wannan tsari shi ne ke rushewa duk ran da aka jefo baƙuwa. Sai an yi kwanaki ana sare-sare kafin ko wace ta sake sanin gurbinta, ƙanana su kasa kusantar kasko, ƙwai ya ragu. Kaji uku ko huɗu sun isa maganin kaɗaici.

Zancen zakara kuma, kaza ba ta bukatarsa don ta yi ƙwai. Amfaninsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe, kuma zakara ɗaya ya ishi kaji wajen goma. In sun yi yawa sai faɗa, da fige bayan kaji.

Yanzu ga lissafin da ba ya jin hanzari. Kaza takan yi kwana 21 a kan ƙwai, in na zabo ne wajen 27. Kazar gida takan yi kwanci kamar sau uku a shekara. A ce mutum yana da biyar, ko wace ta fito da 'yan tsaki goma a ko wane kwanci, shirwa da ciwo suka ɗebe rabi. Saura 75 ke nan, ban da iyayen, ban da cewa 'yan farko sun soma nasu ƙwan tun suna wata shida ko bakwai. Ashe ko bai taka kasuwa ba, gidansa cika zai yi.

Sa'an nan abinci. Kaza mai ƙwai da ke tsare takan ci wajen giram 110 a yini. Kaji 40 ke nan sun cinye buhu mai kilo 50 cikin kwana 11 ko 12. Wanda ya ce ya sayi kaza don ta yi araha, farashin rana ɗaya ya duba, bai duba na dusa ba. Ga shi kuma ƙwan kaza raguwa ya ke yi bayan shekararta ta biyu, cikinta kuwa ba ya raguwa.

Sai wuri. In kaji a tsare su ke, kada su wuce uku ko huɗu a fili mai mita ɗaya tsawo, ɗaya fāɗi. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, kuma manyan hanyoyinta na fid da shi su ne haki da buɗe fikafikai. Da zarar zafin gari ya haura digiri 30 sai ta rage ci, ƙwai ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi. A Riyad zafin Yuli da Agusta kan wuce digiri 40, haka ma Sakkwato a watan Afrilu. Akurkin da ya ɗauki goma lafiya lau, in aka cusa masa talatin, rana ɗaya ta bazara ta isa ta rage su.

Amma babban haɗari yana tare da kazar nan ta ƙarshe, wadda aka gani a kasuwa ta ba da sha'awa. Kasuwa ita ce mahaɗar tsuntsaye daga ko'ina, da cututtukansu. A watan Disamba 2017 aka sami murar tsuntsaye irin H5N8 a kasuwar tsuntsaye ta Aziziya, a kudancin Riyad, aka rufe kasuwar, aka hallaka dubban tsuntsaye. A Nijeriya kuwa, a watan Fabrairu 2006 aka tabbatar da irin H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ba a daɗe ba sai ga ta a Kano.

Wadda ta fi wannan yi wa talaka ɓarna ita ce annobar nan ta lokacin hunturu, wadda ta ci sunan garin Niyukasil na Ingila, inda aka gano ta a 1926. Kaza ta yi sukuku, ta saki fikafikai, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Takan share gida kakaf cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani in ta kama. Muguntarta ita ce kaza takan ɗauke ta kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, tana tafiya garau. Wani kuwa da ya ga nasa sun soma mutuwa sai ya kwashi sauran ya kai kasuwa da farashi mai sauƙi. Arahar nan da mai gida ke yi wa uwargida alfahari da ita, sau da yawa daga nan ta fito.

Saboda haka ga abin da likitocin dabbobi ke horo da shi. Duk kazar da aka sayo, a ware ta nesa da sauran, da kaskonta dabam, har mako uku ko huɗu. A yi wa garke rigakafi kafin hunturu. Akwai irin wanda a ke ɗigawa a ido, mai jure zafi, wanda masana na Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya suka samar don kajin ƙauye, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom kuma tana yin irinsa. A kan maimaita shi bayan wata uku ko huɗu. In mutuwa ta faɗa wa kaji farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a sayar, a gaya wa ma'aikatan dabbobi, a binne matattun da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Daga bisani, mutum ya auna akurkinsa da aljihunsa, ya yanke adadi. Duk ran da sabuwa za ta shiga, wata ta fita, ko ta tukunya, ko ta kasuwa tana da lafiya, ko kyauta ga maƙwabci. Ƙirga kuwa a bar wa uwargida, gama ita ba ta tsallake 'yan tsaki.

Allah ya sa wa kiwo albarka, amin. A huta lafiya.